Yeno da Rumbun Damina

Da sunan Allah Mai rahama nake buɗe wannan babi, ina roƙon Ya ba hannuna ikon rubuta abin da bakina ya daɗe yana kauce wa. Ku 'ya'yana kun tashi kun ji tsofaffin garinmu suna kirana Yeno, kuna dariya. Wata rana Hassi ta tambaye ni ma'anarsa, na ce mata sunan wani kifi ne na teku. Ba sunan kifi ba ne. Kalma ce ta Sifaniyanci da na zo da ita daga Malabo, wani gari a tsibiri cikin teku da iyayenmu ke kira Panya, kuma in za a faɗi gaskiya ita kaɗai na zo da ita.

Su can suna rubuta ta lleno, amma a baki yeno ake ji. Ma'anarta abu ya cika, babu sauran wurin ƙari. Na koye ta ne a wurin gini, inda aikina shi ne cika tankin ruwan da ake kwaɓa siminti. Shugaban leburori, wani gajere mai sanƙo, yakan tsaya a ƙasa ya ɗaga kai ya ce, "Yeno?" ni kuma in amsa daga sama, "Yeno." Daga baya na ga kalmar ba ta tanki kaɗai ba ce. Mota in ta cika da fasinja, direba ya ɗaga hannu ya faɗe ta ya wuce. Mai abinci in ta zo ƙara maka shinkafa, ka dafa ciki ka faɗe ta, ta gane ka ƙoshi. In abin da ya cika a harshensu mace ne sai su ce yena, kamar wata daren sha huɗu ko kwalbar mai. Suna faɗinta ga ɗaki cike da mutane, da riga cike da laka, da mutum cike da fushi. Ranar da aka kama mu marasa takarda aka zuba a bayan wata babbar mota, wanda ya rufe ƙofar ya buga jikinta da tafin hannu ya ce wa direba, "Yeno," muka tafi. Shekara shida na yi a tsibirin nan, na fito da rigar jikina da wata shadda ɗaya da agogo.

Na iso gida bayan kaka, an gama ɗaurin gero. Baba ya rasu ina can. Ƙanena Lawali ne ya riƙe gandu duk tsawon shekarun, shi da matarsa da tawa da Inna. Da na sauka a tashar Kaura na shiga masallaci na sa shaddar nan, na ɗaura agogon, sannan na hau babur zuwa ƙauyenmu da ke kan hanyar Zurmi. Ban ce wa kowa na zo da dukiya ba. Ban kuma ce ban zo da ita ba. Mutane suka ga shadda da agogo suka ƙarasa sauran da kansu, ni kuwa na bar su.

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, don ni ne ɗan fari. Da na durƙusa gabanta ta dube ni sama da ƙasa ta ce:

"Baƙo, an dawo? To, ga gida nan. Ƙanenka ya gaji."

Washegari Lawali ya kai ni gona ya nuna mini abin da Allah Ya ba su. Rumbu biyu ne gare mu. Ƙaramin yana cikin gida, daga shi ake ɗibar na ci tun daga kaka har bazara. Babban yana bakin gona, shi ne rumbun damina. Al'adar gidanmu tun kakanni ita ce in an jera damman gero a ciki an kifa jinka, ba a sake taɓa shi sai ruwan shuka ya sauka, don shi ne abincin masu noma, shi ne kuma iri. Ba mai leƙa shi sai maigida. Mace ba ta leƙawa, ƙane ba ya leƙawa. Lawali ya dafa jikin rumbun ya ce:

"Yaya, har wuya. Shekara ukku ba mu ga irin wagga ba. Yanzu kai ne babba, amanarka ta."

Na buga jikin rumbun da tafin hannu kamar yadda na ga ana yi a can, na ce, "Yeno." Ya tambayi abin da nake nufi, na gaya masa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Kafin mako ya zagayo kalmar ta gama gari.

Kusa da rumbun akwai rugar Buba. Bafulatani ne dogo, mai ƙarancin magana, ya girme ni da 'yan shekaru. Tun zamanin Baba, duk bayan kaka yakan sauka a gonarmu da shanunsa, su ci kara su bar mana taki, ya tashi in ruwa ya kusa. Baba yakan ba shi dami, matarsa takan aiko wa Inna nono da man shanu. Ba a taɓa rubuta komai ba, ba a taɓa yin gardama ba. Shi ne kuma idon rumbun, don bukkarsa ba ta fi taku talatin daga gare shi ba.

Masu zuwa barka da dawowa ba su yanke ba. Na sa aka riƙa fito da fura da rana, tuwo da yamma, zaure ya cika. Wanda ya yi suna ko biki sai ya aiko mini, don an ce mutumin Panya ya dawo, ba zai rasa gudummawa ba. Ni kuma ban iya cewa babu ba. Ƙaramin rumbu ya fara ja da baya tun sanyi bai wuce ba. Matata, uwarku, ta yi mini magana sau ɗaya cikin ɗaki, na ce mata hatsi a kasuwa yake, zan sayo. A nan na yanke shawarar da na yi wannan rubutu dominta. Ranar kasuwar Shinkafi gari yakan zama wayam, maza duk sun tafi. Na ari babur, na nufi gona da hantsi, na ce wa kaina dami biyu kawai zan ɗauka, in mayar kafin damina. Jinkar rumbun ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ina ta fama da ita sai na ji murya a bayana:

"Sannu maigida. Bari in kama maka."

Buba ne. Ya kama gefe ɗaya muka ɗaga. Bai tambaye ni komai ba. Ni na shiga ina miƙo masa damma, shi yana karɓa yana ɗaure mini a babur. Da muka mayar da jinka ya ce, "Allah shi kai ka lahiya," ya koma wajen shanunsa.

Ban kai damman gida ba, don kowane manomi da irin ɗaurinsa, Lawali zai gane nasa daga nesa. Wani ƙauye na kai su can wajen Kasuwar Daji, mata suka sussuke suka ɗebi rabonsu, na zo da tsaba a buhu na ce daga kasuwa. Ranar Inna ta sa hannu a buhun, ta murza ƙwayar tsakanin yatsu, ta jefa biyu a baki.

"Geron ga kamar na san shi," in ji ta.

"Gero duk gero ne, Inna."

"Haka ne, Baƙo. Ku da kunka ga duniya kun hi mu sani."

Na koma rumbun mako na gaba, da wanda ya biyo shi. Dami biyu ya zama huɗu. Kowane zuwa Buba ne ke kama mini jinka, har ya zama in ya ji ƙarar babur sai ya taso da kansa. Sau ɗaya tak ya yi magana. Ya leƙa ciki lokacin da nake miƙo dami, ya ga inda kaina ya tsaya, ya ce, "Maigida, damina tana da tsawo." Na ce masa na sani. A gida kuwa duk sanda Lawali ya dawo daga yawon ciraninsa na kusa ya tambayi rumbu, amsa ɗaya nake ba shi, mutanen zaure su ɗauka da dariya. Abin ya zama gaisuwa. In na wuce majalisa sai a ce, "Yaya rumbu?" in ɗaga hannu in ce, "Yeno," a yi shewa. Na lura kalmar ta fi mini sauƙi a baki fiye da in ce cike yake. Da harshen da Inna ta koya mini ban jin zan iya maimaita ƙaryar nan sau ashirin. Da na wasu kuwa sai ta fita kamar wasa.

Ruwan shuka ya sauka wata ranar Talata. Buba ya riga ya kwashe ya koma bakin daji kwana goma kafin nan, kamar yadda ya saba. Da safe muka tafi gona da Lawali da maƙwabta biyu don ɗaga jinka. Ina da dukan hanyar nan in faɗa masa, ban faɗa ba. Lawali ne ya hau. Ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Abin da ya rage bai kai gwiwa ba.

"Inna lillahi. Yaya, an kwashe mu."

Maƙwabcinmu ɗaya ya dubi inda bukkar Buba ta tashi, ga tokar murhu ga turakun maruƙa, ya ce ai ba sai an yi duba ba. Ɗayan ya ce jinkar nan mutum ɗaya ba ya ɗaga ta, sai mai 'ya'ya maza. Duk suka juyo suna dubana, don ni ne maigida, ni ke zuwa gona. Na ce:

"Ni ma kwanaki na ga sawun jakkai nan wajen, ban kawo komi a raina ba."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ban ambaci sunan kowa ba. Shekaru da yawa ina riƙe da wannan a matsayin hujja, cewa ni ban ce Buba ba. Jakuna a wannan gefen kuwa nasa ne kaɗai.

Mai unguwa ya aika aka kira Buba. Aka zauna a ƙofar masallaci bayan la'asar, gari duk ya taru, mata suna bayan danga. Buba ya zo da sandarsa a kafaɗa, ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa. Lawali ya yi magana da zafi. Ya ce shekara talatin suna cin karanmu, ashe ido na kan rumbu. Mai unguwa ya tambayi Buba ko ya taɓa ɗaga jinkar rumbun nan.

"Na taɓa," in ji shi.

Wuri ya ɗauki hayaniya. Aka ce to da wa? Ya juyo ya dube ni. Ba kallon roƙo ba ne, ba kuma na fushi ba. Irin kallon da mutum ke yi wa abokin tafiya ne a mararraba, yana jira ya ga wace hanya za a bi. Na sunkuyar da kai ina gyara agogo.

"Maigida ya san abin da ke cikin rumbunsa," ya ce. "Ni baƙo ne."

Mutane suka ɗauka rainin wayo ne. Liman ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa ya rantse bai ci geron ba, magana ta ƙare. Da ya dafa da ya fita, don ƙwaya ɗaya ba ta shiga bakinsa ba. Amma irin su Buba ba sa rantsuwa da Littafi ko suna da gaskiya, suna ganin abin yana bin dukiya da zuriya. Ya ce shi bai taɓa dafa Alƙur'ani a kan hatsi ba, ba zai fara yau ba. Wannan ya gama shi a idon jama'a. Aka yanke ya ba da bijimi. Bai yi musu ba. Washegari babban ɗansa ya koro wani farin bijimi mai baƙin kunne ya ɗaure a ƙofar gidanmu, bai yi sallama ba, ya juya.

An kai bijimin Shinkafi aka musanya da hatsi. Ni na ci tuwonsa, ku ma manyanku kun ci. Bai kai mu ƙarshen damina ba. Lawali ya riƙa barin gonarmu yana ƙwadago a ta wasu don a samu na dare, ciyawa ta ci rabin gandu. Zaure ya watse da kansa tun ranar da fura ta daina fitowa. Inna ba ta ci daga hatsin bijimin ba. Ta ce cikinta ba ya son geron kasuwa, ta koma kan tafasa da rama har sabon gero ya nuna. Wata rana ina wucewa ta bakin ɗakinta ta ce, ba tare da ta ɗago daga tsintar wake ba:

"Matar Buba ba ta aiko da mai ba bana."

Na ce ai sun yi nisa. Ta ce, "Awo, sun yi nisa." Ta rasu bayan shekara biyu, ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Buba bai sake sauka a gonarmu ba. Wasu Fulanin ma suka daina, don labari ya kai musu yadda aka yi. Gonar ta rasa taki ta rame. Bayan shekara uku Lawali ya ce a raba gandu, aka raba. Abin da ya biyo baya a ƙasarmu kun san shi, shi ya taso mu muka dawo Kaura. Ba na cewa rumbuna ne ya jawo shi, abin ya fi ni girma nesa ba kusa ba. Amma na sha jin mutanen garinmu a nan Kaura, in ana zancen yadda amana ta lalace tsakaninmu da Fulani, suna kawo misali da Buba, wanda ya ci karan mutane shekara talatin ya kwashe musu rumbu. Ku ma na ji kuna faɗa. Ina zaune ina jinku.

Bara, bayan ciwon da ya kwantar da ni, na tambaya aka ce Buba yana wajen Galadi. Kun hana ni tafiya saboda hanya, na ce muku gaisuwar mutuwa zan je. Na sami mai babur da ya san inda ake bi da inda ba a bi. Na iske shi ƙarƙashin wata tsamiya, ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi fari, shanun da suka rage masa ba su kai yatsun hannu ba. Na yi sallama. Ya karkata kai.

"Wannan murya ta mai babur ce. Yeno, kai ne?"

Na ce ni ne. Ya sa aka kawo mini nono a ƙwarya. Ban iya sha ba. Na faɗi abin da ya kawo ni, na daɗe ina faɗi, ya bar ni har na gama. Sannan na tambaye shi abin da ya hana shi tona ni ranar.

"In na hwaɗi, wa za ya yarda? Kai mai agogo, ni mai sanda." Ya yi 'yar dariya. "Kuma tsohuwarka tana bayan danga. Na ci tuwonta shekara talatin. In ce mata ɗanta na fari ne?"

Na ce ya yafe mini, zan nemo bijimi ko da zan sayar da gonar da ta rage. Ya girgiza kai.

"Bijimi ya mutu, ya zama taki. Ni na yahe tun kahin in kai ruga. Amma ba ni kaɗai ka yi wa ba. Ɗiyana har yau in sunka shiga kasuwar Zurmi akwai mai nuna su da baki. Ba nan za ka hwaɗi ba, nan ba wanda ya ce ni ɓarawo ne. Tahi ka hwaɗi inda anka hwaɗi."

Ƙofar masallacin da aka yi zaman babu kowa a wurin yanzu, ciyawa ta rufe ta. Mutanen garinmu da suka rage suna sallah a wani ƙaramin masallaci a unguwar da muka sauka a nan Kaura. Na dawo na yi wata biyu ina ɗaga ranar. Lawali na fara gaya wa, a ƙofar gidansa. Ya saurara, ya tashi ya shiga ciki, kwana tara bai amsa gaisuwata ba. A rana ta goma ya zo da kansa ya ce in tashi mu tafi la'asar.

Da aka sallame na miƙe na ce jama'a su dakata. Na duba sahu. Cikin duk waɗanda suka zauna a shari'ar nan, huɗu kawai na gani. Mai unguwa ya rasu, liman ya rasu, maƙwabtan nan biyu ɗaya ya rasu ɗaya yana Nijar. Sauran duk matasa ne da ba su san fuskar Buba ba, sunansa kawai suka gada. Na faɗa musu ni na kwashe rumbun damina da hannuna, ranar kasuwa, mako bayan mako, Buba jinka kawai ya kama mini don na kasa ɗagawa, kuma bijiminsa zalunci muka ci. Muryata ba ta fita sosai tun bayan ciwon. Sai Malam Dahiru, wanda ya fi kowa tsufa a cikin huɗun, kunnensa ya yi nauyi, ya dafa kafaɗar Lawali ya ce:

"Mi Yeno ya ce?"

Lawali ya dube ni. Sannan ya sunkuya daidai kunnen tsohon, ya ɗaga murya yadda har masu alwala a waje suka juyo:

"Ya ce ba Buba ba ne! Shi ne!"